Elizabeth Keckley: Baiwar da ta fanshi kanta da allura, ta zama telar matar shugaban Amurka

Wata rana da yamma a farkon watan Maris na 1861, manyan birnin Washington sun fara hallara a Fadar White House domin liyafar farko ta sabon shugaban Amurka, Abraham Lincoln. Uwargidansa Mary kuwa tana saman bene, ta kafe cewa ba za ta sauko ba. Telar da ta bai wa gyaran riga ta makara, kuma a ganinta babu sauran lokacin shiri.

Da ƙyar 'yan uwanta da ke ɗakin suka lallashe ta ta yarda a gwada. Telar ta saka mata rigar, wata siliki mai ruwan hoda, ta gyara mata gashi. Rigar ta zauna mata ɗas. Shugaban ya shigo ya yaba, kuma matar da ta rantse ɗazu ba za ta fita ba ta sauko ta tarbi baƙinta cikin natsuwa.

Sunan telar Elizabeth Keckley. Shekara biyar da 'yan watanni kafin wannan daren baiwa ce, ana lissafa ta cikin dukiyar wani gida. Dala 1,200 aka biya aka fanshe ta ita da ɗanta, kuma hanyar da kuɗin suka biyo guda ɗaya ce: ta iya yanka riga ta zauna a jikin mace, a zamanin da masu wannan ilimi ba su da yawa.

'Yar maigida, baiwar gida

An haife ta a watan Fabrairun 1818 a yankin Dinwiddie da ke jihar Virginia. A wannan shekarar aka haifi Mary Lincoln ma, a gidan masu hali kuma masu bayi a jihar Kentucky.

Mahaifiyar Elizabeth, Agnes, baiwa ce a gidan wani mai suna Armistead Burwell. Ita ce maɗinkiyar gidan, tana yi wa iyalin Burwell da gomman bayinsu tufafi, kuma ta iya karatu da rubutu, abin da ba a cika bari bawa ya koya ba. A wurinta yarinyar ta ɗauki allura da harafi.

Elizabeth ta tashi tana ɗaukar George Hobbs, mijin mahaifiyarta, a matsayin uba. Bawa ne a wata gona daban, sau biyu a shekara ake barinsa ya zo ganin iyalinsa. Daga baya ubangijinsa ya yi ƙaura da shi zuwa yamma, ba su sake haɗuwa ba sai dai wasiƙa. Sai da Agnes ta kusa rasuwa ta bayyana wa 'yarta cewa maigidan ne da kansa, Armistead Burwell, ya haife ta.

Tana shekara huɗu aka ba ta rainon jaririyar gidan. Ta girgiza gadon da ƙarfi, jaririyar ta faɗo, aka yi mata bulalar da ba ta manta ba har tsufanta. Tana shekara 14 aka tura ta aiki gidan Robert, babban ɗan Burwell, wanda limamin coci ne. Da shi da matarsa suka tafi da ita garin Hillsborough a jihar North Carolina. A nan ne wani malamin makaranta mai suna William Bingham ya riƙa dukanta da nufin karya abin da suke kira taurin kanta. A nan ne kuma wani Bature mai suna Alexander Kirkland ya shafe shekara huɗu yana cin zarafinta, har ta haifi ɗa namiji. Ta sa masa suna George.

Bayan haka aka mayar da ita Virginia, ta koma hannun Ann, 'yar Burwell, da mijinta lauya Hugh Garland. Wato dai uwar ɗakin da baiwar 'yan uba ne. A 1847 harkoki suka tsaya wa Garland, ya kwashi iyalinsa da bayinsa zuwa birnin St. Louis na jihar Missouri neman sa'a.

Sa'ar ba ta zo da wuri ba. Da talauci ya matsa, aka yanke shawarar a tura tsohuwa Agnes aikatau gidajen mutane. Elizabeth ta ce a bar mahaifiyarta, ita za ta fita ta nemo. Ta shiga gidajen matan attajiran birnin da almakashi da allura, kuma bisa lissafin da ta bayar da kanta, ta shekara biyu da wata biyar tana ciyar da mutum 17 da ɗinki.

Ɗinki daban, zama a jiki daban

Duk wadda ta taɓa karɓo ɗinkin Sallah ta tarar kafaɗa ta zazzago ko hammata ta shaƙe ta san cewa haɗa yadi da yadi ba shi ne ƙwarewa ba. A Amurkar shekarun 1850 matsalar ta fi haka tsanani, domin kusan babu rigunan mata ɗinkakku a kanti. Mace ko dai ta ɗinka da kanta a gida, ko ta kira tela.

Rigar zamanin hawa biyu ce. Akwai buje mai faɗin gaske, wanda daga tsakiyar shekarun ake ɗora shi kan wani keji na zobban ƙarfe domin ya buɗe. Akwai kuma saman rigar, wanda ake so ya kama jiki tsam a kan wata 'yar ciki mai ɗame ƙugu. Bujen aikin haƙuri ne kawai, dogayen ɗinki miƙaƙƙu da tattara a ƙugu. Saman rigar ne jarrabawar. Da ƙananan ƙyallaye masu lanƙwasa ake haɗa shi, bayan kaɗai yakan kasu uku, gaban kuma akwai ɗinkin tsukewa da telolin yau ke kira dat. Yadin ba ya miƙewa, babu roba da za ta rufa wa tela asiri. Kuskuren rabin inci a kafaɗa sai ya fito a ƙirji.

Matan da ke ɗinki a gida sukan warware tsohuwar rigar da ta fi yi musu kyau, su shimfiɗa ta kan sabon yadi su bi gefenta da almakashi. Duk aibin tsohuwar sai ya koma sabuwar, ga shi jikin ma ya sauya tun lokacin da aka ɗinka ta farko. Mujallun mata irin su Godey's Lady's Book suna buga ƙananan zane-zane, amma sai mace ta faɗaɗa su da kanta ta daidaita da jikinta, wanda shi ne ainihin abin da ba ta iya ba. Keken ɗinkin da Isaac Singer ya yi wa rajista a 1851 ya rage gajiyar yatsa, bai koya wa kowa yanka ba. Samfurin takarda mai girma daban-daban, wanda ake ɗorawa kan yadi a yanka, sai a 1863 wani tela mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da shi, na rigunan mata kuma sai 1866.

Ƙwararrun maɗinkan wancan lokaci ba da yadin tsada suke farawa ba. Shafi suke fara yankawa, wani yadin auduga mai ƙarfi da araha. Sai su ɗora shi a jikin mai rigar, su daidaita tsakiyar baya da tsakiyar gaba domin zaren yadin ya tsaya a miƙe, su gyara kafaɗa tukuna tun da a kanta komai yake rataye, sannan su bi da fil suna tsuke nan suna sakin can har zuwa ƙugu. Idan ya zauna, a cire a yi alama, a yanka silikin a kansa tare da barin rara a gefuna. Ko a nan ba a yin ɗinkin ƙarshe. Kama shi ake yi da zare sama-sama, a sake gwadawa, mai rigar ta ɗaga hannu ta zauna ta tashi.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ba ta tsufa ba. Tef lamba yake bayarwa, amma mata biyu masu faɗin ƙirji ɗaya za su iya bambanta a gangaren kafaɗa, da tsawon baya, da inda ƙugu ya faɗa. Wata ma kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ido da hannu ne ke gano wannan a jikin mutum. Sannan maɗinkiyar da ta riga ta yi kuskurenta a kan yadi mai araha, hannunta ba ya rawa idan ta zo sa almakashi a leshin da aka sayo da tsada. Yawancin tsoron da ke hana mai koyo yanka ba na rashin baiwa ba ne, na asarar yadi ne.

A wannan fage Keckley ta yi suna a St. Louis, daga baya kuma a Washington. Abin da ake yabon aikinta da shi shi ne yadda yake bin jiki, da rashin yawan tarkacen ado.

Sana'ar tana da wani ɓangare da ba na almakashi ba. Tela irin wannan a ɗakin kwana take aiki. Tana ganin uwargida babu kwalliya, ta san inda jikinta ya gaza, tana jin maganar da ba a yi a falo. Wannan kusanci shi ya buɗe wa Keckley ƙofofi, shi ne kuma ya zame mata masifa daga baya.

Dala 1,200

Wani mai suna James Keckley ya nemi aurenta. Ta ƙi amsawa da farko, domin ba ta son ta sake haifar ɗan da doka za ta kira bawa. Sai ta tunkari Garland ta tambaye shi nawa zai karɓa ya sake ta da ɗanta.

Garland ba mutum ne mai tausayin wannan batu ba. Yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa ɓangaren masu bawa a shari'ar Dred Scott, bawan da ya kai ƙara yana neman 'yanci a kotunan Missouri. Da ta dame shi, sai ya zaro tsabar kwatan dala ya miƙa mata, wai ta biya jirgin fito ta haye Kogin Mississippi zuwa jihar Illinois, inda babu bauta. Ta ƙi karɓa. Ba gudu take so ba, takarda take so. Kuma tana da gaskiya, domin dokar 1850 ta bai wa masu bayi damar bin wanda ya gudu har jihohin arewa su kamo shi.

A ƙarshe ya yanke dala 1,200. Ta auri James a 1852 bisa wannan fata, amma tara kuɗin ya gagara. A ƙasar Hausa ta da, an san tsarin murgu, inda bawa ke sana'ar kansa yana bai wa ubangijinsa wani kaso, ya tara saura har ya kai ga fansar kai. Keckley ba ta samu ko wannan rangwamen ba, gumin nata gidan Garland yake ciyarwa. Mijin ma ya zama ƙarin kaya: ya ce mata shi ɗa ne, ashe bawa ne, ga shaye-shaye.

Garland ya mutu a 1854. Ta yanke shawarar zuwa New York ta nemi taimako, sai Ann ta ce sai ta kawo maza shida da za su sa hannu cewa za su biya kuɗinta idan ba ta dawo ba. Ta samu biyar. Na shidan ya nuna mata ƙarara bai yarda za ta dawo ba, abin da ya yi mata ciwo har ta fasa tafiyar.

Ana cikin haka wata daga cikin matan da take yi wa ɗinki, Misis Le Bourgeois, ta zo ta ce bai kamata ta je roƙo wurin baƙi ba alhali tana da mutane a St. Louis. Ta bi sauran matan ta haɗa kuɗin. A watan Nuwamban 1855 aka sa hannu a takardar 'yancin Elizabeth da George. Tana da shekara 37.

Ta ɗauki kuɗin a matsayin bashi, ba kyauta ba. Ta zauna a birnin tana ɗinki har ta biya kowa. Ta tura George karatu Jami'ar Wilberforce da ke jihar Ohio, makarantar da aka kafa domin baƙar fata. A 1860 ta rabu da mijin ta kama hanyar gabas.

Makarantar da ta mutu cikin mako shida

Abin da ta fara gwadawa da 'yancinta yana nuna yadda ta ɗauki sana'ar. A birnin Baltimore ta nemi tara 'yan mata baƙar fata ta koya musu tsarinta na yanka da daidaita riga a jiki. Ta san bambancin mai jan allura, wadda ake biya ƙalilan a kan dogon ɗinki, da mai yanka, wadda ake nema da suna. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Bayan mako shida ta tattara, da ƙyar ta haɗa kuɗin jirgi zuwa Washington.

Can ta fara da aikin yini, dala biyu da rabi a rana. Dokar birnin ta wajabta wa baƙar fata mai 'yanci ya mallaki takardar izinin zama, ita kuma ba ta da kuɗin. Nan ma wata mai kawo mata ɗinki ce ta yi wa magajin garin magana aka ba ta kyauta.

A watan Oktoban 1860 yarima mai jiran gadon Birtaniya, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya ziyarci Washington. Matar wani hafsa mai suna Lee ta ba ta ɗinkin rigar da za ta sa zuwa liyafarsa. Matan da suka ga rigar suka riƙa tambayar wa ta ɗinka, aiki ya fara shigowa.

Daga nan ta shiga gidan Sanata Jefferson Davis na jihar Mississippi, tana yi wa matarsa Varina da 'ya'yansu ɗinki. Lokacin ƙasar na gab da rabewa kan batun bauta, 'yan siyasar kudu suna shige da fice a gidan, ita kuma tana gefe da allurarta tana ji. Ita ta ƙarasa wata rigar shan iska da Varina ta bai wa mijinta kyautar Kirsimeti. Da iyalin za su koma kudu a farkon 1861, Varina ta nemi ta bi su. Ta ƙi. Ba a jima ba Davis ya zama shugaban jihohin da suka ɓalle. Cikin 'yan watanni, hannu ɗaya ya auna matan shugabannin ɓangarori biyu na yaƙin basasar Amurka.

Hanyar zuwa White House ta biyo ta kan wata Margaret McLean, wadda ta zo da aikin gaggawa tare da alƙawarin haɗa ta da matar sabon shugaban. Keckley ta ɗauki mataimaka ta gama a kan lokaci. Washegarin rantsar da Lincoln, 5 ga Maris 1861, ta isa fadar da safe ta tarar da wasu maɗinka uku suna jira. Ita aka zaɓa, bayan Mary ta ja mata kunne cewa ba za ta iya biyan farashi mai tsada ba.

Shekara huɗu a fada

Mary Lincoln tana bukatar tela fiye da yadda ake zato. Matan manyan Washington suna kallonta a matsayin baƙauyiya daga yamma. 'Yan arewa suna zarginta saboda danginta na kudu, 'yan kudu suna ganin ta ci amana. Tufafi ne makamin da ta zaɓa domin nuna ta isa, kuma ta wuce gona da iri. A bazarar farko kaɗai Keckley ta yi mata riguna 15 ko 16. Ita ke shirya ta idan za a yi taro, tun daga gashi har safar hannu.

Shagonta ya bunƙasa har ta kai tana da mata kusan 20 suna aiki a ƙarƙashinta. Ita ke zuwa awo da gwaji, su kuma su yi dogon ɗinki. Abin da ya gagara a Baltimore da sunan makaranta ya samu a nan da sunan shago.

Mutuwa ce ta mayar da hulɗar ciniki aminci. George ya bar karatu ya shiga rundunar arewa a matsayin farar fata, domin lokacin ba a ɗaukar baƙi soja. An kashe shi a yaƙin Wilson's Creek ranar 10 ga Agustan 1861. Shi kaɗai ta haifa. Wata shida bayan haka, ranar 20 ga Fabrairun 1862, Willie, ɗan Lincoln mai shekara 11, ya rasu da zazzaɓi. Keckley tana cikin waɗanda suka yi jinyarsa suka kuma shirya gawarsa. Daga nan Mary ta manne mata.

A shekarar ce bayin da suka tsero daga kudu suka cika Washington, babu abinci babu sutura. A watan Agusta ta kafa ƙungiyar agaji ta Contraband Relief Association tare da wasu baƙar fata na birnin, suna tara kuɗi da tufafi da barguna. Mary ta bayar da dala 200, fitaccen mai yaƙi da bauta Frederick Douglass shi ma ya taimaka.

Ta kuma san abin da shugaban ƙasa bai sani ba. A 1864 Mary ta gaya mata cewa kantunan New York suna bin ta bashin kusan dala 27,000, kuma tana fargabar asirin zai tonu idan mijinta ya faɗi zaɓe.

Ya ci zaɓen. Daren 14 ga Afrilun 1865 aka harbe shi a gidan wasan kwaikwayo, ya cika washegari. Keckley ta zauna da matarsa makonni a ɗaki, ta raka ta Chicago, sannan ta dawo ta buɗe shagonta. 'Ya'yan sabon shugaba Andrew Johnson ma sun kawo mata ɗinki.

Allura ta tono garma

A watan Satumban 1867 Mary ta kira ta New York. Bashi ya yi mata katutu, tana son sayar da riguna da kayan adonta a ɓoye, har ta sauka a otel da sunan bogi. Otel ɗin ya ƙi bari Keckley ta ci abinci a ɗakin cin abincin baƙi saboda launin fatarta.

Cinikin ya faɗa hannun wasu dillalai a titin Broadway. Suka baje kayan a fili, suka sa aka buga wasiƙun Mary a jarida domin a kunyata 'yan siyasar da suka ci moriyar mijinta su kawo kuɗi. Jama'a suka yi ta tururuwar kallo ba saye ba. Jaridu suka yi wa matar marigayin kaca-kaca. Mary ta koma Chicago ta bar Keckley da rikicin, wata da watanni tana zaune a New York, shagonta na Washington a rufe, tana ɗinkin yini domin ta ci.

A wannan hali ta rubuta littafinta, Behind the Scenes, wanda ya fito a 1868. Ya ƙunshi shekarunta na bauta da shekara huɗu a fada. Ta bayyana cewa nufinta ta wanke Mary ta kuma kare sunanta, tun da ita ma an jefa ta cikin zargin. Amma littafin ya fito da hirarrakin cikin gida, a ƙarshensa kuma aka jera wasiƙun sirri da Mary ta aiko mata. Keckley ta ce ba da yardarta aka buga su haka ba.

Ko sunanta ba a rubuta yadda take rubutawa ba. Keckly take sa hannu, mawallafin ya ƙara harafi, haka kuma sunan ya bi duniya.

Martanin ya yi zafi. An yi wa littafin kwaikwayon izgili mai cike da wariyar launi. Robert, babban ɗan Lincoln, ya yi ƙoƙarin hana yaɗuwarsa. Mary ta yanke hulɗa da ita. Da yawan matan da ke kawo mata ɗinki suka janye.

Idan za a yi adalci, Mary tana da dalilin jin an ci amanarta, domin babu mai son ganin wasiƙarsa ta ranar ƙunci a kasuwa. Amma fushin sauran jama'a ba na tausayin Mary ba ne, tun da su ne suka gama yi mata dariya watanni kaɗan kafin nan. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne gano cewa matar da ke durƙushe da fil a baki tana gyara musu kalmasa tana ji, tana riƙewa, kuma ta iya rubutu. Yau masana tarihi suna dogara da littafin wajen sanin rayuwar cikin gidan Lincoln.

Ta ci gaba da ɗinki a Washington tana koya wa 'yan mata sana'ar, amma kasuwar ba ta koma kamar da ba. A 1890 ta sayar da kayan tunawa da iyalin Lincoln suka ba ta a kan dala 250.

A 1892, tana da shekara 74, Jami'ar Wilberforce, inda ɗanta ya yi karatu, ta ɗauke ta shugabar sashen koyar da ɗinki da kula da gida. Shekara 32 bayan Baltimore, ta samu ajin da ta nema. A 1893 ta shirya baje kolin rigunan makarantar a babban bikin baje kolin duniya na Chicago. Ba ta daɗe a kujerar ba, ciwon shanyewar jiki ya taɓa ta, ta koma Washington.

Shekarunta na ƙarshe ta yi su ne a wani gidan kula da mata da yara baƙar fata marasa galihu, tana samun ɗan fanshon da gwamnati ke biyanta saboda ɗanta da ya mutu a yaƙi. A nan ta rasu a watan Mayun 1907, tana da shekara 89.

A gidan tarihin Amurka na Smithsonian da ke Washington akwai wata rigar karammiski shunayya da Mary Lincoln ta sa a hunturun 1861 zuwa 1862, wadda ake danganta ɗinkinta ga Keckley. Buje ɗaya ne da saman riga biyu, na rana da na dare, an bi layukan ɗinkin da siririn farin yadi mai sheƙi, ta yadda duk inda aka lanƙwasa yanka domin ya bi jiki a fili yake.

Maƙabartar da aka binne ta kuwa an tashe ta a 1960, aka kwashe gawawwakin zuwa wata a jihar Maryland. Kabarinta ya zauna babu alama har shekarar 2010, lokacin da wasu ƙungiyoyi suka haɗa kuɗi suka kafa masa dutse mai sunanta.